Kaburburan duwatsu na tudun Dartmoor: kwandon da ya shekara 3,600 ba a buɗe shi ba

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu mata masu baza kayan ado a kasuwa, yau labarinmu na wani kwando ne. Kwando ne ɗan ƙarami, saƙar ɓawon itace, an cika shi da duwatsun wuya fiye da 200, da ƴan kunne, da abin hannu. Wanda ya gan shi zai ce kayan wata amarya ce aka haɗa. Amma a cikin kabari aka same shi, bisa wani tudu mai sanyi a ƙasar Ingila, cikin watan Agusta na shekara ta 2011, kuma ya yi shekaru fiye da 3,600 a kwance a wurin. Abin da ya sa ya kai har zamaninmu shi ne duk tsawon shekarun nan babu wanda ya ɗaga dutsen da ke kansa da niyyar neman dukiya. Maƙwabtansa ba su yi wannan sa'a ba.

Wurin sunansa Dartmoor, yana cikin jihar Devon, kudu maso yammacin Ingila. Tudu ne mai faɗin gaske, murabba'in kilomita 954, kuma wurin da ya fi tsawo a cikinsa ya kai mita 621. Idan aka ce Ingila, mutane da yawa sai su tuno benaye da jiragen ƙasa, to nan ba haka ba ne. Daji ne fetal, babu itatuwa sai ɗai-ɗai, sai gajeriyar ciyawa, da fadama mai cin ƙafa, da hazo mai ɓatar da matafiyi da rana tsaka, da manyan duwatsu jibge bisa juna irin waɗanda mutanen Damagaram suka saba gani a Birni. Tumaki da shanu da ƴan gajerun dawaki ne ke kiwo a ciki. Wani ɓangare nasa kuma sojojin ƙasar ne ke koyon harbi. Tun shekara ta 1951 gwamnati ta mayar da shi gandun ƙasa, da hukuma ta musamman mai kula da shi.

Shekaru 4,000 da suka wuce ba kango ba ne. Lokacin yanayi ya fi na yanzu ɗumi, mutane suna zaune, suna kiwo, suna noma. Har gobe ana ganin tushen ɗakunansu na dutse, zagaye kamar namu na karkara, dubbai. Ana ganin iyakokin gonakinsu, da jerin duwatsu da suka kakkafa, wani jerin tsawonsa ya wuce kilomita 3. Daga baya ruwan sama ya yawaita, sanyi ya ƙaru, ƙasa ta lalace, mutane suka gangara kwari. Da yake tun daga nan garma ba ta cika bi ta kan tudun ba, sai abin da suka bari ya zauna inda yake.

Cikin abin da suka bari akwai kaburbura. Mutanen wancan zamani sukan ƙone gawa, abin da mu kam ko jin sa ba mu so, amma al'adarsu ke nan. Sai su tattara ƙasusuwan, su kafa faffaɗan duwatsu huɗu a ƙasa kamar adaka, su sa a ciki, su rufe da dutse na biyar, sannan su jibga duwatsu ko ƙasa a kai har ya zama tuli. Wasu tulin ƙanana ne, mutum zai iya wuce su bai lura ba. Wasu kuma manya ne, an ɗora su can ƙolin tudu yadda za a hango su daga nesa. Irin wannan tulin duwatsu a Dartmoor sun fi dubu, adakokin dutse da aka sani kuwa wajen 200 ne.

Masu neman tulun zinariya

Kusan dukan adakokin nan wayam aka same su. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne, sunayen da mutanen yankin suka laƙaba musu ma sun isa shaida: akwai wanda ake kira Tulun Zinariya, akwai wanda ake kira Ramin Kuɗi. Mutane sun daɗe suna zaton sarakunan dā sun binne dukiya a ƙarƙashi. Tun a shekara ta 1324 an rubuta cewa fadar sarkin Ingila ta ba da izinin a tone wasu kaburbura a Devon domin neman dukiya. Wanda ya zo da irin wannan niyya, idan ya ɗaga dutse ya ga toka da ƙasusuwa da ruɓaɓɓen fata, me zai yi? Sai ya watsar, ya yi tsaki, ya nufi na gaba.

Bayan masu neman dukiya sai magina. A ƙarni na 18 da na 19, da aka shiga kewaye filaye da katanga da shimfiɗa hanyoyi a kan tudun, sai ga duwatsu an riga an tara, ba sai an fasa ba. Amalanke bayan amalanke aka kwashe. Kada mu yi saurin zagin su. Duk wanda ya taɓa sayen dutsen gini ya san abin da ake nufi da samun shi a araha, kuma a lokacin babu doka, babu wanda ya gaya musu abin da suke rusawa.

Su ma masu ilimi ba su fita ba. A ƙarshen ƙarni na 19 wasu malamai da limaman coci da masu hali sun kafa kwamitin binciken Dartmoor, a 1894, suka yi ta haƙa. Sun rubuta abin da suka gani, wannan kam an gode musu, amma aikin gaggawa ne, da shebur da diga, kuma abin da suke nema shi ne tukunya ko wuƙa ko kibiya. Ƙasar da suka zubar, da yanzu ne, da ita za a fara kaiwa ɗakin bincike. Ko abin da suka tsamo ma ba duka ya tsira ba. A 1872 wani mai bincike, Spence Bate, ya samu kan ƙotar wata wuƙa a wani kabari na Hameldown, an yi masa ado da ƙananan ƙusoshin zinariya. Shi ne abu mafi daraja da aka taɓa samu a tudun. Aka kai shi birnin Plymouth aka ajiye. A 1941, lokacin yaƙin duniya na biyu, jiragen Jamus suka yi wa birnin ruwan bama-bamai, ya halaka tare da ginin. Da ba a tono shi ba, da yana nan.

Tudun Farin Doki

To, mu koma ga kwandonmu. Kabarin da ya fito daga ciki yana wani wuri da ake kira Whitehorse Hill, wato Tudun Farin Doki, wajen mita 600 bisa teku, nesa da hanyar mota, cikin filin harbin sojoji. Ba duwatsu aka jibga masa ba, cikin wata irin baƙar ƙasa aka kafa adakar, kuma wannan ƙasa ita ce sirrin labarin duka. Ciyawa ce da gansakuka da suka mutu cikin ruwa, suka yi ta taruwa bisa juna shekaru dubbai ba su gama ruɓewa ba, domin iska ba ta shiga. Duk abin da ya nutse cikinta, fata ko itace ko gashi, shi ma ba ya ruɓewa, muddin tana jiƙe.

Wajen shekara ta 2001 aka lura da kabarin, da dutsen gefe ɗaya ya faɗo saboda ƙasar tana zaizayewa. Hukumomi suka fara da abin da dokarsu ta fi so, wato a bar abu inda yake: aka yi ƙoƙarin tokare wurin. Amma ƙasar ta ci gaba da bushewa tana tsukewa. Da aka ga za a yi biyu babu, sai aka yanke shawarar haƙawa a 2011, a ƙarƙashin hukumar gandun, tare da babbar masaniyarta ta kayan tarihi, Jane Marchand. Su kansu ba su sa rai da komai ba, sun ɗauka wannan ma an riga su.

Da suka ɗaga murfin suka ga alamar ƙashi da gashin dabba, sai suka tsaya. Nan ne bambancinsu da mutanen dā. Ba su sa hannu sun lalube ba. Suka yanko abin da ke ciki dunƙule guda, da ƙasarsa da komai, suka naɗe, suka kai wani ɗakin bincike a jihar Wiltshire, inda aka yi ta ɓare shi sannu-sannu, ana ɗaukar hoto, ana aunawa, ana rubutawa.

Ga abin da ya fito. A ƙasan adakar an shimfiɗa ciyawa. Bisa ciyawar akwai ƙonannun ƙasusuwan mutum ɗaya, mai shekaru tsakanin 15 da 25, kuma saboda irin kayan da aka haɗa masa masana suka fi zaton mace ce. An naɗe ƙasusuwan cikin fatar wata ƙatuwar dabbar daji mai gashi, wadda Faransawa ke kira urs, dabbar da yau babu ita a dajin Ingila ko ɗaya. Akwai wani ƙyalle da aka saƙa da zaren wata ciyawa mai ƙaiƙayi, aka yi masa baki da fatar maraƙi. Akwai ƴar allura ta jan ƙarfe, da ɓallin dutse mai kaifi. An kuma ga ƙurar furen wani tsiro mai ƙanshi, abin da ya sa ake jin an sa mata furanni. Sai kwandon.

Duwatsun wuyan da ke ciki iri huɗu ne, kuma a nan ne nake so ƴan kasuwa su kasa kunne. Mafi yawa na yumɓu ne, ana iya yin su a gida. Wasu na wani baƙin dutse ne mai laushi da ake samu a gaɓar tekun Dorset, fiye da kilomita 100 daga wurin. Ƴan kaɗan na ƙaron itace ne da ya daskare ya koma kamar dutse, launin zuma, irin manyan duwatsun nan da matan Fulani ke ratayawa a kitso, kuma asalinsa daga yankin tekun Baltik ne, can arewacin Turai. Guda ɗaya tak na kuza ne. Abin hannun kuwa da gashin saniya aka kitsa shi, aka jera masa ƴan ƙananan ƙwayoyin kuza fiye da 30, waɗanda lokacin da suke sababbi za su riƙa walƙiya kamar azurfa. Ƴan kunnen na itace ne, guda huɗu, an gurza su ana juyawa har suka yi sumul, kuma su ne shaida mafi tsufa ta wannan sana'a a Birtaniya.

Yaya aka yi ƙaron Baltik ya kai wuyan wata yarinya a ƙarshen yammacin Ingila, babu mota, babu kuɗi, babu rubutu? Amsar duk wanda ya san yadda goro ke tasowa daga Gwanja, ko gishiri daga Bilma, ya san ta: hannu zuwa hannu, zango zuwa zango, kowa yana cin ribarsa. Kuma mutanen Dartmoor suna da abin bayarwa. Kuza ba ta da yawa a Turai, amma tana nan a rafukan Devon da Cornwall, kuma sai da ita ake yin tagulla: a narka jan ƙarfe, a zuba masa kuza kamar kashi ɗaya cikin goma, sai ya yi tauri ya yi gatari da wuƙa. Mai kuza a wancan zamani ba ya rasa abokin ciniki. Kafin wannan kabari masana suna zaton haka ne, amma shaidar hannu ta yi musu ƙaranci.

Shekarun kuma ba cinta aka yi ba. Duk abin da ya taɓa rai, ciyawa ko fata ko ƙashi, yana ɗauke da wani sinadari da ke raguwa a hankali bayan mutuwa, bisa ma'auni sananne. Da aka auna, sai aka samu an yi binnewar tsakanin shekara ta 1730 da ta 1600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A lura da kyau: da ciyawar da fatar da kwandon aka yi awon, wato daidai abubuwan da mai neman dukiya zai fara watsarwa. A ce wani ne ya riga su, ya kwashi duwatsun wuyan ya kai wa dillali, nawa za a saya? Tsakuwa ce da yumɓu. Kuma ko an saya, babu mai iya cewa daga ina suka fito, ko na yaushe ne, ko na wa. Kamar rasit ne da aka yage aka bar kaya, ko kaya da aka kwashe aka bar rasit.

Abin da doka ta ce

Ingila ba ta wayi gari da kishin waɗannan wurare ba. Wani ɗan majalisa, John Lubbock, ya yi shekaru yana kai ƙudurin kare su ana mayar masa, domin masu filaye suna cewa babu mai gaya musu abin da za su yi da gonarsu. Sai a 1882 doka ta farko ta wuce, ita ma ba haƙora gare ta ba sosai, wurare 68 kawai ta lissafa a Birtaniya da Ailan. Dokar da ake aiki da ita yanzu ta 1979 ce. Tsarinta shi ne rajista: idan gwamnati ta sa wuri cikin rajistar, fili yana nan na mai shi, dabbobi suna kiwo, masu yawo suna wucewa, amma babu haƙa, babu kwasar dutse, babu gini, ko gyara ne sai da izini a rubuce. Wanda ya lalata da gangan yana iya shan tara ko ya yi har shekara biyu a gidan kaso. A Ingila wurare kusan 20,000 ne ke cikin rajistar, fiye da 1,000 daga cikinsu a Dartmoor.

Na'urar nan mai ƙara idan ta ji ƙarfe a ƙasa, wadda mutanenmu suka sani tun da zinariyar Jado ta ɓulla a 2014, ita ma dokar ta ambace ta: laifi ne a yi amfani da ita a wurin da ke cikin rajista ba tare da izini ba. Akwai kuma wata doka ta 1996 da ta ce wanda ya tsinci tsohuwar dukiya ta zinariya ko azurfa ya sanar da hukuma cikin kwana 14, kuma idan gidan tarihi yana so, a kimanta a biya lada. A ganina wannan dabara ce mai kyau, domin ta sa faɗin gaskiya ya fi ɓoyewa riba. Sai ta 2003, wadda ta shafi ƴan kasuwa kai tsaye: duk wanda ya saya ko ya sayar da kayan tarihi alhali ya san ta haramtacciyar hanya aka tono su, yana iya samun har shekara 7. Sun gane cewa mai haƙa ba ya wahalar da kansa sai ya san akwai mai saya.

Duk da haka doka ba ta hawa tudu da ƙafarta. Ɓarnar da ta fi damun kaburburan Dartmoor a zamanin nan ba ta ɓarayi ba ce, ta mutanen kirki ce. Masu yawon shan iska su hau ƙolin tudu, iska ta dame su, sai su ɗebi duwatsun da suka gani a tare su gina ɗan shinge su fake su sha shayi. Na bayansu ya zo ya ƙara. Wani kuma ya jera duwatsu bisa juna don ya ɗauki hoto. Kafin a farga an rarake tsakiyar kabarin, ruwa da iska sun samu hanya. Shi ya sa hukumar gandun da ƴan sa-kai na yankin suka yi shekaru suna bin tuddai, suna zana kowane tuli yadda yake, suna rushe shingayen, suna mayar da duwatsun. Ga kuma wata ciyawa mai zurfin saiwa da ke mamaye wuraren da dabbobi suka daina kiwo, saiwarta tana birkita abin da ke ƙasa. Wato makiyayi ma yana cikin masu gadin, in dai dabbobin ba su yi yawan da za su tattake wurin ba.

Mu ma muna da su

Ba don Ingila kaɗai na kawo wannan labari ba. Direbobi da fatake masu bin hanyoyin Ayar da Tenere sun san tulin duwatsun nan da ake gani a gefen tsauni da bakin kwari. Da yawa daga cikinsu kaburbura ne na mutanen da suka rayu kafin zuwan Musulunci, wasu sun yi shekaru dubbai. A Iwelen, arewacin Ayar, masu bincike irin su François Paris da Jean-Pierre Roset sun yi aiki a kansu cikin shekarun 1980. Kuma mun san abin da kwaɗayi ke yi. Maƙabartar Bura, wajen Tera, wadda Bube Gado na jami'ar Yamai ya haƙa a 1983, da sunanta ya fita duniya cikin shekarun 1990 sai masu haƙar sata suka afka wa yankin, tukwane da mutum-mutumin yumɓu suka yi ta ficewa zuwa Turai, har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura cikin jerin waɗanda ta gargaɗi kowa kada ya saya, a shekara ta 2000. Doka muna da ita, mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yuni 1997, wadda ta tanadi kare kayan tarihin ƙasa. Saboda haka ɗan kasuwar da wani ya kawo wa tsofaffin duwatsun wuya ko kan kibiya ko tukunya da ƙasa a jikinta, ya kamata ya tambayi inda aka samo kafin ya taya.

Can Dartmoor kuwa baƙar ƙasar tana ci gaba da zaizayewa, tana tona abin da ta rufe. A 2024 aka ba da labarin wata adakar ta fara leƙowa a wani tudu mai suna Cut Hill, ba nisa da na farko. Wanda ya gani bai taɓa ba, hukuma ta zo ta haƙa cikin watan Agusta. Ta fi ta Tudun Farin Doki girma, an samu itace a ciki bai ruɓe ba, kuma awon farko ya nuna wajen shekara ta 1800 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ita ma dunƙule guda aka ɗauko abin da ke cikinta zuwa ɗakin bincike. Kayan yarinyar nan kuwa, da duwatsun wuyanta da abin hannunta, an fara nuna su ga jama'a a 2014 a Plymouth, garin da kan ƙotar wuƙar nan ta halaka a 1941.